Darasin Rani: Aikin da Ba Ya Cin Kuɗi

Wannan darasi domin a karanta shi ne a taron zumuntar maza da na mata da na matasa, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshensa. Kafin a fara, wani ya karanta Nehemiya sura 3.

Abin da muke gani

A zagayen da muka yi cikin ƙasar Tambuwal da Kebbe bayan girbi, kuka ɗaya muke ji ko'ina: babu kuɗi. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da na taki da na magani duk sun hau. Saurayin da ya saba tafiya cin rani yakan rasa kuɗin motar zuwa. Mai son noman fadama kuwa yana duban inji, ba abin sayen mai.

To, daga Disamba har saukar ruwa a Yuni wajen wata shida ke nan. Mutum da yawa sukan ƙare su a gindin dogon yaro ko bakin tasha. Da hantsi hira, da la'asar dara, da dare tunani. Daga nan sai faɗa da iyali, sai bashi, sai a buɗe rumbu a kai kasuwa tun ba a shiga bazara ba. Zaman banza ba gonar mutum kaɗai yake ci ba, har zuciyarsa. Amma rashin kuɗi dabam, rashin aiki dabam. Ga ayyuka huɗu da ba su bukatar ko kwabo, sai fartanya da adda da niyya.

1. Ramin taki

Buhun takin zamani ya fi ƙarfin yawancinmu, amma kayan taki suna zube a kowane gida. A haƙa rami a inuwa, tsawo taku uku, faɗi taku biyu, zurfi ya ɗan wuce gwiwa. A shimfiɗa yankakken kara da busassun ganye a ƙasa, a bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika, sa'an nan a rufe da ƙasa da tsohon zana. Leda da kwalba da batir kada su shiga. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanoni ya isa, ba sai an taɓa na sha ba.

A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana kaɗan, in an zare an ji ta da ɗumi, taki yana nuna. In ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa. A riƙa juyawa bayan kowane mako uku. Cikin wata uku zai zama baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasa. Wanda ya fara a Janairu zai kai gona kafin shuka.

2. Ramukan tassa a faƙo

Kusan kowa yana da wani gefe na gona da ya zama faƙo, ruwa yana bi ta kansa ya wuce. Manoman Yatenga a ƙasar Burkina Faso sun raya irin wannan ƙasa da ƙananan ramuka da suke kira zai. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023. Maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar suka koya, suna kiransu tassa.

Faɗin rami ya kai kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfinsa bai kai taƙi ba sosai, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka tono a tara ta a gefen gangare domin ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar shiga. In an yi ruwa mai kyau sai a shuka gero ko dawa a ciki. Aikin da wuya, gama ƙasar rani tauri gare ta. Saboda haka a yi shi da sanyin safiya, rami ashirin ko talatin a yini, kuma a gwada da ɗan yanki tukuna.

3. Sassaben zamani

Mun saba in za mu yi sharar gona mu sare sabara da kalgo har ƙasa, mu sa wuta. Kututturen kuwa bai mutu ba, saiwarsa tana nan da rai. A 1983 wani ɗan mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo mutumin Ostareliya, ya lura da haka bayan itatuwan da suka yi ta dasawa sun yi ta mutuwa. Ya fara koya wa manoma su yi renon tohon kututture. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, har aka ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 shi da Yakuba Sawadogo suka karɓi lambar girma iri ɗaya a ƙasar Suwidin.

Ga yadda ake yi. A zaɓi kututture mai toho. A bar rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. A ɗaura tsumma a jiki, kowa ya san da mai shi. Abin da aka yanke ya zama makamashi, mata su huta da nisan daji, musamman yanzu da wasu hanyoyin ba lafiya. In an ga ɗan gawo, a tsare shi da kyau, gama yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. A sanar da mai unguwa da makiyayan da ke kusa tun da wuri, domin a kauce wa rigima.

4. Gayya da ajin yamma

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A keɓe rana ɗaya a mako a yi gayya: yau yaɓen rumbun gwauruwa, wani mako jinkar tsoho, wani kuma share bakin rijiya. Kada mu tsaya ga 'yan ikilisiya kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi rijiya ɗaya muke sha da su, damina ɗaya muke jira. A Nehemiya 3 mun ga firistoci da maƙeran zinariya da 'yan kasuwa da mata suna gyaran garu, da dama kowa daura da gidansa. Ba a ware kowa ba.

Da yamma kuma, wanda ya yi makaranta ya koya wa wanda bai yi ba, kamar yadda aka yi a zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Ba allo, ƙasa allo ce, yatsa alli. Tsofaffi su ma suna da abin koyarwa: tufka igiya, saƙar tabarma da faifai, ɗinkin ƙwarya. A wani ƙauye kusa da Dogon Daji mun tarar da wani dattijo yana koya wa jikansa tufka, jikan yana koya masa rubuta sunansa. Dattijon ya ce mana tun rasuwar matarsa bai yi barci mai daɗi ba sai yanzu da yake kwanciya a gajiye.

Ba mu ce waɗannan za su biya kuɗin makaranta gobe ba. Amfanin taki da tassa sai kaka, na itace sai shekara biyu ko uku. Amma ranakun rani za su wuce ko mun yi ko ba mu yi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Awa nawa kowannenmu yake yi a zaune a yini? Mu faɗi gaskiya.
2. Cikin ayyukan nan huɗu, wanne za mu fara a wannan mako, a gonar wa?
3. Wane ne a unguwarmu ba shi da mai taimako, da za mu fara yi masa gayya?
4. Wace sana'ar hannu ce take shirin ɓacewa a garinmu, wa ya iya ta?

A rufe da addu'a domin matasan da suka tafi cin rani, da waɗanda suka rasa kuɗin tafiya. Shugaban ƙungiya ya rubuta sunayen waɗanda suka haƙa rami, za mu duba in mun zo zagaye na gaba. Allah ya kai mu damina lafiya.