Mawaƙin da Ba Ya Jin Muryarsa: Darasi ga Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A shekarar 2002 aka fara gasar waƙa ta American Idol a telebijin ɗin Amurka. Zagayen farko na tantance mawaƙa yana cikin abin da ya fi jan ƴan kallo. Mutum zai shigo da ƙarfin gwiwa, ya tsaya gaban alƙalai, ya buɗe baki, sai murya ta fito a karkace. Alƙalai su ce masa bai iya ba. Mamakin da ke bayyana a fuskarsa na gaske ne. Wani ya fashe da kuka, wani ya hau faɗa, yana cewa a gida kowa yaba shi yake yi.

Wannan bawan Allah ba ƙarya yake yi ba. Mai magana yana jin muryarsa ta hanya biyu: ta iskar da ke shiga kunne, da ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara mata kauri. Sauran mutane ta iska kaɗai suke jin ta. Shi ya sa wanda ya saurari saƙon muryar da ya tura ta WhatsApp yakan ce, "Anya ni ne wannan?" A 1999 kuma, David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell suka gwada ɗalibai a fannoni irin su nahawu da mandiƙi, suka tarar waɗanda suka fi faɗuwa suna zaton sun yi ƙoƙari sosai. Dalilin da suka bayar shi ne, ilimin da ake gyara aiki da shi, da shi ake gane an ɓata.

Malaman tarbiyya sun daɗe da sanin wannan ciwo a zuciya. Muridi yana iya shekara goma bai rasa lazimi ba, bai fashi wazifa ba, amma matarsa tana fargabar jin takun dawowarsa saboda zafin harshensa, shi kuwa yana ganin kansa mai haƙuri. Wani yana ɗaga murya a zikirin Juma'a don a san ya zo, yana kiran hakan shauƙi. Wani yana raina ɗan'uwan da bai daɗe da karɓar ɗariƙa ba, yana kiran hakan kishi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Haɗarin shi ne ujubu da riya suna cinye ladan aiki, mai aikin bai sani ba.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo hanyoyi huɗu na sanin aibin kai a cikin Ihya'u Ulumid Din. Ta farko, zama gaban shehi mai basira da cututtukan zuciya, da bin abin da ya yi nuni. Ta biyu, neman aboki mai gaskiya da addini, a ɗora masa amanar lura da faɗakarwa. Ta uku, sauraron maganar maƙiyi, domin abin da masoyi ya rufe don kunya, maƙiyi tona shi yake yi. Ta huɗu, cuɗanya da mutane: duk abin ƙi da mutum ya gani ga wani, ya koma ya neme shi a kansa.

Dukkan hanyoyin nan suna buƙatar kunnen wani. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, duk da bisharar Aljanna da aka yi masa, ya tambayi Huzaifa ɗan Yamani, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sunayen munafukai, ko yana cikinsu. Idan Umar bai amince wa kansa ba, wane muridi ne zai amince?

Mawaƙin nan ya ji kunya a gaban duniya ne saboda masoyansa sun yi shiru shekaru. Wanda ya ga aibi ga ɗan'uwansa na zawiya, ya keɓe shi ya faɗa masa da taushi. Wanda aka faɗa wa kuma, ya danne amsar farko da ta zo bakinsa, ya yi godiya, ya kwana yana dubawa. Gara muridi ya je wurin muƙaddaminsa ko amininsa ya tambaya da kansa, "Me kake gani gare ni da ba na gani?" Ɗacin amsar ya fi sauƙi bisa ga tonon ranar hisabi.

Allah Ya nuna wa bayinSa aibobinsu tun suna da damar tuba, Ya suturta su duniya da lahira. Amin.