Amanar Sirrin Mutane a Zamanin Wayar Hannu

 Darasin wannan mako a kan wata amana ne wadda kusan kowane magidanci yake yawo da ita a aljihu, amma kaɗan ne suka san amana ce. Ita ce sunaye da lambobi da hotunan mutane da ke cikin wayar hannu, da abin da dokar ƙasa da shari'a suka ce game da tsare su.

Abin da ya sa maganar ta zama tilas shi ne irin rancen da ake bayarwa ta intanet. Mutum ya shiga ƙunci, sai ya sauke manhajar wani kamfanin ba da rance a wayarsa. Kafin a ba shi ko kwabo, manhajar za ta nemi izinin duba lambobin da ya ajiye da hotunansa. Shi kuwa saboda matsuwa sai ya danna amincewa, bai ko karanta ba. Nan take kamfanin ya kwashe lambar mahaifinsa, da ta surukinsa, da ta limamin unguwarsu, da ta shugabansa a wurin aiki. Ranar da biya ya gagara, sai saƙo ya isa ga dukkan waɗannan mutane cewa wane ɓarawo ne, macuci, a guje shi. Waɗansu ma akan ce musu wai su ne suka tsaya masa, don haka su biya. Bashin ƙila bai wuce na cefanen mako guda ba, amma mutuncin da aka zubar ba ya kwasuwa.

To, me dokar ƙasa ta ce? Tun asali, sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya. A watan Janairun 2019 hukumar NITDA, wadda ke kula da fasahar sadarwa, ta fito da ƙa'idojin kare bayanan mutane. Da waɗannan ƙa'idoji ne ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 a shekarar 2021, saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin waɗanda yake bi bashi. A 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin waɗansu masu irin wannan rance a Legas, ta kuma wajabta musu yin rajista. Shi ma kamfanin Google, daga ƙarshen watan Mayun 2023, ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutum.

Sa'an nan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki, watau NDPC. Nijeriya ba ita ta fara ba. Ghana ta yi tata tun 2012, Tarayyar Turai kuwa ta fara aiki da babbar dokarta a 2018. Ga kaɗan daga abin da dokar Nijeriya ta ƙunsa, don mai karatu ya san haƙƙinsa.

Na farko, ba a karɓar bayanin mutum sai da hujjar da doka ta yarda da ita, kamar amincewarsa, kuma yana da ikon janye amincewar daga baya. Na biyu, abin da aka karɓa domin wata bukata ba a juya shi zuwa wata dabam, ba a kuma karɓar fiye da abin da bukatar ta nema. Na uku, mutum yana da ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ko ya nemi a shafe. Na huɗu, bayanan yaro sai da izinin iyaye ko waliyyi. Na biyar, idan aka sace bayanan da ke hannun kamfani ta yadda za su cutar da masu su, wajibi ne ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin tararsa har Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira ba, gama a 2024 FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, Dala miliyan 220 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan Nijeriya.

Wanda ya yi karatun addini zai ga cewa wannan doka ba baƙuwa ce gare shi ba. Aya ta 12 a cikin Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, ta haɗa shi da yi da mutum a bayan idonsa. Ayoyi na 27 da 28 a cikin Suratun Nur sun koyar da neman izini kafin shiga gidan wani. Wayar mutum a yau kuwa ta fi ɗakinsa tara sirri, domin a ciki ake samun wasiƙunsa da lissafin kuɗinsa da hotunan iyalinsa. Game da bashi, aya ta 280 a cikin Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Mai bin bashi yana da haƙƙin ya nemi kuɗinsa, ya kai ƙara gaban alƙali idan ana yi masa taurin bashi da gangan. Abin da ba shi da shi shi ne ikon yi wa mutum ƙazafin sata a gaban danginsa. Ruwan da ake ɗorawa a kan irin wannan rance kuwa, hukuncinsa sananne ne ga kowane ɗalibi, ba sai an tsawaita ba.

Haka nan maganar lamuni. A littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Mukhtasar na Shaihu Halilu, lamuni nauyi ne da mutum yake ɗora wa kansa da bakinsa. Ba a wayi gari an ce wa mutum ya zama mai lamuni don kawai an tsinci lambarsa a wayar wani. Wanda aka aiko masa da irin wannan saƙo alhali bai taɓa tsaya wa kowa ba, babu ko sisi a wuyansa, kuma yana da damar kai kuka ga NDPC ko FCCPC.

Amma fa akwai wurin da doka ba ta isa ta tsare ba, sai tsoron Allah. Hukuma tana hukunta kamfani ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Wanda ya buɗe ƙofar tun farko shi ne mai wayar da ya danna amincewa. Lambar da aboki ya bayar, ya bayar da ita ne domin a riƙa gaisawa, bai bayar don a miƙa wa baƙo ba. Ajiya ce, mai riƙe da ajiya kuwa ba ya jinginar da ita don ya biya bukatar kansa. Haka wanda saƙon tozarci ya iso masa, ya tura wa wasu goma yana cewa ku ga abin da wane ya yi, ya zama ɗan aiken azzalumi ba tare da an biya shi ba.

Saboda haka abin da ake so ga mai karatu abu uku ne. Ya karanta abin da manhaja take nema kafin ya amince, idan bai iya ba ya nemi wanda zai karanta masa, ya kuma ƙi duk wadda ta nemi lambobin mutanensa ba tare da dalili ba. Idan asirin ɗan'uwansa ya faɗo hannunsa, ya shafe, ya rufe bakinsa, in da hali ya taimaka masa ya fita daga bashin. Idan kuwa shi aka zalunta, ya adana saƙonnin a matsayin shaida, ya kai ƙara inda doka ta tanada, kada kunya ta sa ya yi shiru har azzalumi ya samu ƙarfin yi wa wani.

Allah ya rufa asirin bayinsa duniya da lahira, ya yaye wa masu bashi ƙuncinsu, ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci. Allah shi ne mafi sani.