Yadda Za A Karanta Jerin Makarantu: Misali Daga Shagari

Kowace shekara, in sakamakon jarrabawa ya fito, sai a ga mutane sun duƙufa suna jera makarantun Gwamnati, wai wannan ce ta fari, waccan ce kurar baya. Uba ya ji, ya cire ɗansa daga nan ya kai can. Babban malami kuwa ko ya sami yabo ko ya sha kunya. Tun da yake mu ma gobe za a jera mu haka, ya kamata mu san abin da jerin nan ke aunawa, da abin da ya bari.

Mu ɗauki Shagari, ƙaramin gari a bisa hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Boɗinga ta nufi Tambuwal. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya ji ƙansa, cikin 1925. A gida ya fara karatun allo. Cikin 1931 aka kai shi Yabo ya shiga Elementare, ya fita 1935. Daga 1936 zuwa 1940 yana Midil ta Sakkwato, sa'an nan ya wuce Kwalejin Kaduna, ya gama 1944. Ya yi malanta a Sakkwato da Argungu tun kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

To, jama'a, in za a ba da lambar yabo saboda karatun wannan yaro, wa za a ba? Mai jeri zai rubuta sunan Kwaleji, gama can ya yi jarrabawar ƙarshe. Malamin allo da ya koya masa zama wuri ɗaya da riƙon alƙalami, da malamin Yabo da ya koya masa baƙaƙen boko da lissafi, ba wanda zai ambace su. Wani ya share gona, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, wani kuma ya zo ranar girbi aka ce shi ne Sarkin Noma. Har yau hakanan abin yake. Yaron ƙauye in ya yi fice, sau da yawa makarantar kwana ko ta birni ke ɗauke shi, sakamakonsa ya hau kan sunanta, ta ƙauye kuwa a auna ta da waɗanda suka rage.

Akwai kuma wata dabara ta lissafi wadda ya kamata kowane malami ya gane. A jarrabawar WAEC da ta NECO, abin da aka fi ƙirgawa shi ne masu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Mu ƙaddara makarantu biyu, kowace da yara 40 a ajin ƙarshe. Ta fari ta tsame 20 da ta amince da su ta shigar, 16 suka ci, watau kashi 80 cikin ɗari. Ta biyu ta shigar da duk 40, 22 suka ci, watau kashi 55 ke nan. A takarda ta fari ta yi nisa. Amma in aka koma ga yaran da ke cikin ajin, ta fari kashi 40 kaɗai ta fid da, ta kuma bar yara 20 ba su ko ga takardar tambaya ba. A ganinmu babban malamin ta biyu ya fi gaskiya, ya kuma fi aiki, ko da yake shi za a kira a tuhuma.

Sa'an nan ga waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba: yaron da damina ta tafi da shi gonar gero, da mai bin shanu, da yarinyar da talla ta riƙe ranar kasuwa, ko aka ɗauke ta kafin ta gama. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE cikin 1999 don kowane yaro ya sami karatun farko kyauta, saboda haka makarantar da ta ɓatar da yaro a hanya ta kasa, ko da sauran duka sun ci.

Ba mu ce a jefar da jeri ba, gama yakan ta da malalacin malami daga barci. Amma in aka aika da mu Shagari, ko Yabo, ko Boɗinga, sai mu buɗe rajista tun ranar fari. Mu rubuta yara nawa suka shiga aji ɗaya, maza nawa, mata nawa. Mu gwada kowa da karatun Hausa da ɗan lissafi, mu ajiye takardun. Ƙarshen shekara mu sake gwada su da irin wannan, mu ga inda kowane ya kai. Wanda ya daina zuwa kuwa, kada a soke sunansa sai an je gidansu an gai da mahaifinsa, an kuma rubuta dalili gefen sunan.