Mu Sayi Ƙoda Ko In Ba Yayana Tawa?

Yayana ya shekara guda ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako a nan Dutse, har gonarmu ta gado ta tafi. Likita ya ce dashe ne mafita. Ina so in ba shi tawa, amma kawunmu ya hana, wai jiki amanar Allah ne, kuma ina da iyali, gara a nemi wani matashi a biya shi. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Dutse

Ɗan'uwa, Allah ya ba yayanka lafiya. Kawu ƙaunarka ce ta sa shi magana, amma hanyar da ya kawo ba ta ɓullewa. In jikinka amana ne, jikin yaron da talauci zai kai shi gadon tiyata shi ma amana ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar gaɓa idan ba za ta halaka mai bayarwa ba, ta kuma haramta cinikinta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana sayar da sassan jiki. Ba a manta da Sanata Ike Ekweremadu ba, wanda kotu a Landan ta ɗaure fiye da shekara tara a 2023 saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire masa ƙoda a dasa wa 'yarsa. Ga kuma haɗari ga majinyacin kansa: wanda ke jiran kuɗi zai iya ɓoye ciwonsa don kada ciniki ya lalace.

Maganar iyali kuwa tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Tiyata ce babba, za ka yi makonni ba ka ɗaga buhu ba, kuma za ka riƙa auna jini da fitsari har abada. Sai dai mai cikakkiyar lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya, domin wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin. Shi ya sa hukuncin ba na kawu ba ne, ba kuma na zafin zuciyarka ba: gwaji ne zai yanke. Za a duba rukunin jininku, dacewar jikinku, hawan jini da ciwon sukari, kuma in an ga matsala likitoci ba za su karɓa ba ko ka nace. Kana da 'yancin fasawa har ranar aikin, ba wanda zai tilasta ka.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Ku nemi likitan yayanka ya rubuta muku takardar zuwa can, ka tafi da matarka da kawu su ji da kunnensu. Ku kuma tambayi kuɗin magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, domin yayanka zai sha su kullum tsawon rayuwarsa, in suka yanke, ƙodar da ka bayar na iya lalacewa.