Amsoshin Tambayoyinku: Na Koma Kwamfuta, Kullum Ni Ake Harbewa

Wani matashi mai karatu daga Argungu ya ce a gidan gem na unguwarsu ba mai ja da shi a Call of Duty a kan PlayStation. Yayansa da ke aiki a Birnin Kebbi ya bar masa kwamfuta, ya shiga Counter-Strike 2 ta intanet, amma kafin ya ga abokin gaba an kwantar da shi. Yana tambaya, ko hannunsa ne ya mutu?

Ɗana, hannunka lafiya lau. A PlayStation akwai wani taimako da ba a faye lura da shi ba: wasan da kansa yakan rage gudun saitinka in ya zo kan mutum, har ya ɗan ja shi ya bi shi, domin babban yatsa a kan pad ba ya iya saiti daidai. A Counter-Strike babu wannan gata. Inda ka kai maus, wato linzamin kwamfuta, nan harsashi zai nufa. Masuncin da ya saba da homa a kogin Matan Fada, ranar da aka ba shi ƙugiya sai ya sake koyo, kuma ba wanda zai ce bai san ruwa ba.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ƙure saurin maus yana zaton zai fi zafin nama. Rage shi sosai, ka samu shimfiɗa mai faɗi, ka riƙa jan maus da dukan hannu tun daga gwiwar hannu. In ka samu saurin da ya yi maka, bar shi haka, kada ka yi ta canzawa. Hannun hagu kuma ya zauna a kan maɓallan W, A, S, D, su ne ƙafafunka. Saitin ya tsaya daidai tsayin kan mutum ko da babu kowa a gabanka, kuma ka tsaya cak kafin ka harba, don a wannan wasa mai harbi yana gudu bango yake ɓarin wuta a kai. Sa abin kunne. Takun ƙafa yakan tona asirin mutum kafin a gan shi.

Sauran kuma laifin nisa ne. Fing shi ne lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je sabar wasan ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sabobin da suka fi kusa da mu suna Turai ko Afirka ta Kudu, saƙo daga Argungu sai ya gangara Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku, irin MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010. Bature na kusa da saba zai riga ka gani, ba don ya fi ka ba. Zaɓi saba mafi ƙarancin fing, ka haɗa kwamfutar da waya maimakon Wi-Fi, ka roƙi ƙanne su dakata da TikTok.

Wasan kyauta ne a Steam tun fitowarsa a Satumban 2023, sai dai kamfanin Valve na neman filin gigabait 85, to ka yi lissafin data. Kada kuma ka shiga gasa sai da batirin ajiya na UPS ko sola: in aka ɗauke wuta ka ɓace ba ka dawo ba, za a hana ka gasa na minti 30 a karon farko, abokanka huɗu kuma su ƙarasa da gurbi.