Darasi na Bakwai: Kalmomin Kimiyyar Sararin Samaniya a Hausa

Malamin Hausa ba zai iya fassara abin da bai fahimta ba. Saboda haka, kafin mu duba kalmomin, ya kamata ɗalibi ya san yadda harkar take.

Nijeriya ba ta da roka tata. A ranar 27 ga Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, kuma kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi. A 2011, kamfanin Kosmotras ya ɗauki NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a rokar Dnepr. A 2017 kuwa, rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX na Amurka ta ɗauki ɗan ƙaramin tauraron NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta sa hannu wajen ƙera shi. Wato dai mai tauraro daban, mai roka daban.

Wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila, kusa da Hanwa, ya ga irin wannan ciniki. Mai buhu biyu ba ya ɗaukar shatar babbar mota, sai ya biya kuɗin lodi ya haɗa kayansa da na wasu, ya kuma jira motar ta cika. Haka SpaceX ya yi a Janairun 2021, da ya ɗora taurari 143 a roka guda. Mai gaggawa kuwa yakan yi shatar ƙaramar roka, irin Electron ta kamfanin Rocket Lab, ya biya da tsada amma ya zaɓi ranarsa da hanyarsa.

Hausa ta bi hanyoyi uku a nan. “Roka” aro ce daga Ingilishi. “Harba” faɗaɗa ma'ana ce, domin asali kibiya da bindiga ake harbawa. “Tauraron ɗan'adam” kuwa harɗaɗɗen suna ne, kuma ya fi sauran armashi, tun da ya bambanta ƙirar mutum da halittar Allah. Jam'insa “taurarin ɗan'adam” ne, kashin farko kaɗai ke sauyawa. Abin takaici, sau da yawa mai fassara yakan kira roka da tauraro duka “kumbo”, sai mai sauraro ya kasa raba mota da kayan da ta ɗauko.

Jinga: Ka ƙirƙiro suna na Hausa ga kamfanin da ke harba taurarin wasu don kuɗi, sannan ka bayyana hanyar da ka bi.