Me Ya Rage Mu Adana a Gwandu?

Wani mai sauraronmu daga Kalgo ya ce ya ji yadda Sinawa ke raya tsohuwar unguwarsu a San Faransisko ta Amurka, yana tambaya ko Gwandu na da abin rayawa.

Malam, akwai shi, har ya yi yawa. Shehu Usmanu ya zauna Gwandu daga 1805, kuma hubbaren ƙanensa Malam Abdullahi, mawallafin Liya'ul Hukkami, yana nan. A garin ne Bature Barth ya samu littafin Tarihin Sudan a 1853. To amma gini ba ya raya kansa. Unguwar Sinawa ta ɗore ne saboda ana kasuwanci da biki a cikinta, yara na koyon harshen iyayensu. Wani zai ce fada ta koma Birnin Kebbi, matasa kuma aiki suke nema. Gaskiya ne, sai dai mai yi wa baƙi jagora da maginin ƙasa ai sana'a suke yi. Malaman makarantun Kalgo da Gwandu, ku riƙa kai ɗalibai hubbaren, ku karanta musu rubutun Malam Abdullahi a wurin.